Yadda Ake Koyar da Labarin Ƙasa a Firamare, daga Ƙofar Aji zuwa Teku

Wata shekara ina riƙe da aji biyar a wata firamare ta cikin Birnin Zariya, na tambayi yara nahiyoyin duniya. Suka rero min su bakwai cif, kamar masu biya allo, har da Antatika. Na ji daɗi. Sai na ce to, wa zai nuna min da hannu inda Sabon Gari yake daga nan? Aji ya yi tsit. Can wani ya ɗaga yatsa ya nuna rufi, domin a taswirar da na zana musu a allo arewa a sama take. Waɗannan fa yara ne da ake aike Sabon Gari sayen kaya kusan kowane mako. Laifin nawa ne, kuma tun daga ranar na juya tsarina: daga ƙarƙashin ƙafar yaro nake farawa, sannan mu yi ta faɗaɗawa. Ga yadda nake yi, ko wani malami ko malama za su tsinci abin amfani.

Abu na farko shi ne ka nemo darasin inda ya ɓuya. A jadawalin firamaren Najeriya babu darasi mai suna jogirafi. Sai a babbar sakandare yake tsayawa da ƙafarsa. Abin da iyayenmu suka sani da labarin ƙasa yanzu an yanka shi gunduwa-gunduwa, an zuba wani a darasin zamantakewa da yara ke kira soshal, wani a darasin kimiyya. Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ita ce ke tsara manhajar karatun shekara 9 na farko, wato aji 1 zuwa 3, aji 4 zuwa 6, da shekara 3 na ƙaramar sakandare. A gyaran da aka yi a 2012 an haɗe soshal da wasu darussa ƙarƙashin suna ɗaya, kuma sunan ya sha canzawa. Amma kayan cikin suna nan: gida da unguwa, muhalli, yanayi, ruwa, ƙasar noma, sufuri, sana'o'i, jiha da ƙasa.

Don haka ka ɗauki tsarin darussan shekara da aka ba ka, na soshal da na kimiyya, ka sa jan biro a kan duk batun da ya shafi wuri, yanayi ko taswira. Sannan ka duba ko sun faɗo a lokacin da ya dace. Babu amfanin koyar da ruwan sama a Janairu ana tsakiyar hunturu, leɓunan yara duk sun tsage. Ni nakan je wurin hedimasta in ce, "Yallaɓai, ba zan tsallake komai ba, jeri kawai zan gyara." Zangon farko ya dace da kaka da amfanin gona, na biyu da hunturu da bazara, na uku da damina. Ban taɓa samun wanda ya hana ni ba, muddin shirin darasina yana rubuce.

Mataki na biyu kusurwoyi huɗu ne, kuma ba a koyar da su a cikin aji. Fitar da yara fili da safe, kafin rana ta ɗaga. Kowa ya fuskanci inda ta fito: gabansa gabas, bayansa yamma, hagunsa arewa, damansa kudu. Sai ka sa su rubuta sunayen da gawayi ko alli a jikin bangon ajin, kowane bango da nasa, su zauna nan har ƙarshen shekara. Daga nan duk umarnin da za ka bayar ka bayar da su. "Layin kudu su kawo littattafansu." "Ki buɗe tagar arewa." Cikin mako biyu abin ya zauna, ba tare da an haddace komai ba.

Akwai wurare biyu da malamai kan yi tuntuɓe a nan. Na ɗaya alƙibla. Mu kan ce mun fuskanci gabas in za mu yi salla, amma daga Zariya Makka tana gabas ne da karkata zuwa arewa, don haka bangon masallaci ba ma'aunin gabas ba ne daidai-wa-daida. Gaya wa yara haka tun da wuri. Su kan ji daɗin sanin abin da manya da yawa ba su lura da shi ba. Na biyu inuwa. Ka kafa sanda mai tsawon kamu biyu a fili, a sa dutse a ƙarshen inuwarta da ƙarfe 8, da 10, da 12, da lokacin tashi. Za su ga inuwa tana gajarcewa tana juyawa. Amma kada ka ce musu inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa, kamar yadda littattafan da aka rubuta don Turai ke faɗa. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana kan tsaya tsaf a kan kai har sanda ta kusa rasa inuwa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take ɗan karkata, sauran watanni kuma arewa. In ka dace da irin wannan rana a Afrilu, ka bar komai ka fitar da su. Ban taɓa ganin darasin da ke sa yara ihu kamar ranar da suka nemi inuwar sanda suka rasa ba.

Da kusurwoyi sun zauna, sai a ɗaura su a kan gari. Ga wanda ke cikin Birni, Ƙofar Doka tana arewa, bayanta Tudun Wada, gaba kuma Sabon Gari. Ƙofar Gayan tana kudu. Dutsen Kufena da Wusasa suna wajen yamma, Samaru kuma arewa maso yamma, a kan hanyar Funtuwa. In makarantarka a Samaru take ko Muciya, ka sake lissafin daga inda kake. Wannan shi ne darasin ma, cewa Birni arewa yake ga wani, kudu ga wani.

Na uku taswira, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci, don nan ne yawancin yara ke ɓacewa har su gama sakandare. Wahalar ba ta zane ba ce. Yaro bai saba ganin abu daga sama ba. Ajiye kofi a ƙasa, ka ce su zana shi; za su zano shi da hannunsa da gindinsa. Sai ka kira su biyar-biyar su tsaya a kansa su leƙa. Me kuka gani? Da'ira kawai, da ɗan kunne a gefe. Ka ce to haka shirwa ke ganin gari, kuma taswira zanen shirwa ce. A yi wa bokiti haka, da takalmi, da benci, kafin a taɓa zanen aji.

Sannan a auna ajin da taku. Yaro ɗaya zai taka tsawo da faɗi, kada a canza shi, don takun kowa daban. A ce an samu taku 12 da taku 9. A littafin lissafi mai gida-gida, kowane gida ɗaya ya zama taku ɗaya: gida 12 a tsaye, 9 a kwance. Ma'aunin taswira kenan, sun koya ba tare da sun ji sunansa ba. A sa ƙofa, tagogi, allo, teburin malam, kowa kuma ya yi ɗigo inda yake zama. Muhimmin abu: a shimfiɗa littafin a ƙasa, a juya shi har arewar takarda ta dubi bangon arewa. Taswirar farko da yaro zai gani a kwance ya kamata ta kasance. Sai ya saba sannan ka rataye ta a bango, ka bayyana cewa an ɗaga ta ne kawai don kowa ya gani. Da na yi haka tun farko da yaron nan bai nuna min rufi ba.

Daga aji sai harabar makaranta, wadda nake sa su zana a ƙasa da tsinke, da duwatsu a madadin ajujuwa, ganye a madadin bishiyoyi, toka a madadin hanya. Nan ne ake shigo da alamomi da mabuɗinsu: an yarda murfin kwalba rijiya ce, to ko'ina aka gan shi rijiya ce. Aikin gida kuma kowa ya zano hanyarsa daga gida zuwa makaranta da abubuwa 5 da yake wucewa. Za ka ga masallaci, injin niƙa, mai ƙosai, kududdufi, wurin cajin waya. Kada ka ci gyaran kyan zane. Abin da kake nema jeri ne da kwana: ya juya dama inda ake juyawa dama? Ajina ya taɓa kaiwa yara 90, don haka ban iya duba kowa. Sai in haɗa 'yan unguwa ɗaya su duba wa juna, kuma sun fi ni tsanani, don sun san lungun.

Yara 'yan aji 1 zuwa 3 a nan za su tsaya, kuma da Hausa za ka yi musu, ka riƙa jefa kalmar Turancin bayan sun gane abin. Sauran matakan na aji 4 zuwa 6 ne.

Yanayi ba darasin rana ɗaya ba ne, aikin minti 3 ne kullum. Raba kwali gida-gida, kowace safiya yaro ɗaya ya cike gidan ranar: rana, gajimare, hazo ko ruwa, da inda iska ta fito. Don iska, ɗaura ƙyallen atamfa a kan gora a fili. In ya kaɗa zuwa kudu maso yamma, iskar daga arewa maso gabas take, wato ta hunturu, mai tasowa daga Sahara da ƙurarta. Ta damina daga kudu maso yamma take zuwa, ɗauke da laimar tekun Atilantika. Ka shirya, domin wani mai wayo zai ce, "Malam, ai hadari daga gabas yake tasowa." Gaskiyarsa. Laimar daga kudu take zuwa ta ƙasa-ƙasa, amma iskar da ke can sama ita ke tura hadarin daga gabas zuwa yamma. Ka yaba masa, kada ka ce ya zauna.

Ma'aunin ruwan sama ba sai an saya ba. Samu robar ruwa mai miƙaƙƙen jiki, yanke wuyanta, ka kifa shi ciki ya zama mazurari. Gindin roba ba a baje yake ba, don haka zuba tsakuwa da ruwa har su rufe lanƙwasar, ka ja layi a nan, shi ne sifili. Binne rabinta a fili nesa da indararo da bishiya. Kowace safiya a auna da rula abin da ya ƙaru a kan layin, a rubuta da milimita, a zubar a mayar da shi sifili. Ruwan Zariya a shekara yakan kai wajen milimita 1,000, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma Agusta ce ta fi. Matsalar ita ce Agusta hutu ake yi, don haka nakan ba wa wani yaro da ke kusa robar ya tafi da ita gida. Awaki kuma su ne manyan maƙiyan wannan aiki; sau uku suna ture min ita kafin na kewaye ta da ƙaya.

Ka kuma bar su su yi amfani da sunayen da suke ji a gida. Littafi zai ce yanayi biyu ne, rani da damina. Bahaushe yana da bazara, damina, kaka, hunturu da rani, kuma kowanne da aikinsa: sharar gona, shuka da noma, girbi, sussuka, lambu a fadama. Wannan rabon ya fi na littafin bayani, a koyar da shi tukuna.

Darasin da na fi so shi ne bin ruwa. Ranar da aka kwana ana ruwa, ka tsaya da su a ƙarƙashin indararo ka ce, wannan ruwan ina za shi? Ku bi shi da ƙafa zuwa lambatu, har bakin katanga. Sun ga da idonsu cewa ruwa gangare yake bi, kuma inda ya bi yana ɗibar ƙasa. Sai a koma aji a ci gaba da tafiyar a allo. Ruwan yawancin unguwannin Samaru, Tudun Wada da Sabon Gari Kubanni yake faɗawa, rafin da ya ratsa Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka datse shi, ya biyo tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari. Kubanni ya zuba a Galma, wanda ke wucewa ta gabashin gari kuma daga madatsarsa ake ɗibar ruwan famfo. Galma ya zuba a kogin Kaduna. Kaduna ya bi ta Shiroro a jihar Neja, inda ake juya shi ya ba da wutar lantarki, ya je ya faɗa Kwara. Kwara ya haɗu da Binuwai a Lokoja, su gangara tare har teku. In ka kawo nan, ka buɗe taswirar Najeriya a karon farko, su nemo hanyar da yatsa. Yanzu layin shuɗin nan ba ado ba ne, ruwan rufin ajinsu ne. Wata yarinya ta taɓa tambayata ko ledar da ta jefa a lambatu ma can za ta. Na ce in ba ta toshe hanya ta jawo mana ambaliya ba tukuna.

Zaizayar ƙasa a nan take shiga. Faranti biyu, ɗaya da ƙasa tsirara, ɗaya da ƙasar da aka yanko da ciyawarta, a jingine su a karkace, a zuba musu ruwa da buta daidai wa daida. Ruwan da ya fito daga na farko jawur, na biyu kusan garau. Ba sai ka yi dogon bayani ba.

Jiha da ƙasa ta kasuwa nake shiga musu. Kowa ya tambayo a gida inda abu ɗaya na cefane yake fitowa, ko kuma ka zo da kayan a leda. Rake daga Maƙarfi da Kudan, citta daga kudancin Kaduna wajen Kaciya, dankalin Turawa daga Jos saboda sanyin tudu, manja da goro daga kudu inda ruwa ya fi yawa, busasshen kifi daga wajen tafkin Chadi. A zana Najeriya babba a ƙasa, a ajiye kowane abu a wurinsa, a ja zare daga can zuwa Zariya. Zaren nan su ne hanyoyi: ta Kano, ta Kaduna mai nisan kilomita 80 ko kusa da haka, ta Funtuwa zuwa Gusau da Sakkwato, ta Soba da Pambeguwa zuwa Jos. Sai su gane dalilin da Kwangila, mahaɗar manyan hanyoyi a Zariya, ba ta rabuwa da manyan motoci, da dalilin da Sabon Gari ya tashi a gefen tashar jirgin ƙasa bayan layin dogo na Legas zuwa Kano ya ratso nan, aka kuma fitar da reshe zuwa Ƙauran Namoda. Abubuwan haddacewa, ƙananan hukumomi 23 na jihar Kaduna, jihohi 36 da Abuja, ƙananan hukumomi 774, su zo daga baya. Ana tambayarsu a jarrabawa, don haka a haddace, amma ban ba su fiye da darasi biyu.

Duniya kuma ƙwallo da tocila sun isa, in makaranta ba ta da taswirar nan mai siffar ƙwallo. Rufe tagogi, manna ɗan alli a jikin ƙwallon a matsayin Zariya, wani a gabas da shi a matsayin Makka, ka haska tocila kana juyawa daga yamma zuwa gabas. Makka za ta riga shiga haske, ta kuma riga shiga duhu. Shi ya sa da azumi suke ganin an sha ruwa a Harami a talabijin mu ko la'asar ba ta daɗe da wucewa ba: Saudiyya tana gabanmu da awa 2. Ga 'yan aji 6 ka ƙara lissafin, digiri 360 cikin awa 24, kowace awa digiri 15. Yanzu ne lokacin nahiyoyi bakwai ya yi.

In hali ya yi, sau ɗaya a shekara a fita. Kufena ta fi ko'ina, domin daga samanta ana ganin gari a shimfiɗe kamar taswirar da suka yi ta zanawa, amma tana son shiri: takardar izinin iyaye, sanin hedimasta, tambayar mutanen wurin halin da ake ciki kafin a tashi, babba ɗaya ga kowane yara 10, ruwan sha, da sammako. Ba a hawa da damina, dutsen santsi yake yi. In babu kuɗin mota, ragowar ganuwa da ƙofar da ta fi kusa sun isa. A samu dattijon unguwa, a gaishe shi yadda ya kamata, a ce, "Baba, yaran nan ne ke son jin yadda wurin nan yake a da." Zai nuna musu inda gonaki suke kafin gidaje su cinye, ya kuma gaya musu cewa kududdufan Birni ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne. Kowane yaro ya tafi da tambaya 3 a rubuce, in ba haka ba yawo ne kawai aka yi.

Wajen gwaji, rabin makin nakan ba tambayoyin takarda irin waɗanda za su tarar a jarrabawar shiga sakandare. Sauran rabin a fili nake bayarwa, ranar Alhamis ta makon bita. In kira yaro, in miƙa masa taswirar makaranta wadda na ɓoye murfin kwalba a wani wuri na yi alama a kai, in ce ya juya takardar ta dace da arewa, ya je ya ɗauko. Wanda ya dawo da murfin kafin minti 2 ya ci maki 10. Ka tanadi murafu da yawa, kuma ka riƙa canza maɓoya bayan kowane yara 5, domin waɗanda suka gama sukan tsaya a bakin taga suna yi wa abokansu nuni da baki.